Tsayin Ɗan Tela

Da na yi ritaya, autana ya ga zaman gida na neman mayar da ni mafaɗaci, sai ya karɓi wayata ya saka mini wani wasa na intanet. Wasan ƙwallon kwando ne, amma ba kai kake jifa ba. Kai ne mai ƙungiya, kai ne koci, kana karawa da mutanen da ba ka taɓa gani ba, wani a ƙasar Turawa, wani Allah kaɗai ya san inda yake. Duk ƙarshen kakar wasa sai a jero sababbin samari a ce kowa ya zaɓa, wanda ya fi shan kashi shi ke fara ɗauka. Ana rubuta maka shekarun yaro da tsayinsa, har da iyakar inda zai kai in ya samu horo. Dokar horon ce ta tsaya mini a rai. Yaro ba ya koyon abu sai ka sa shi ya buga a gurbin da ake koyon abin, a wasa na gaske, daga farko har ƙarshe. In kana son dogon yaronka ya iya tafiya da ƙwallo, dole ka cire shi daga gindin kwando ka damƙa masa ita ya yi ta zubarwa, a yi ta cin ku.

Mu kuwa ana ta cin mu. Kaka uku ke nan ƙungiyata na can ƙasan teburi. Autan nan yakan leƙo wayar ya yi dariya, wai Baba wannan dogon ai ba nan ne wurinsa ba. Nakan ce masa ya je ya ji da karatunsa. Ban taɓa gaya masa dalilina ba, don dalilin yana Suleja, kuma ya girme shi nesa ba kusa ba.

A farkon shekarun casa'in aka mayar da aikina Abuja. Albashin akawu ba ya kama ɗaki a can, don haka na bar iyali a Zariya, na kama ciki da falo a unguwar Kwamba da ke Suleja, a wani gidan haya mai rijiya ɗaya da ƙabila bakwai. Da an sallame asuba nake bin bas, in dawo rana ta yi sanyi. Ranakun aiki ba su dame ni ba. Asabar da Lahadi ne suke zame mini aiki, in wanke kaya, in goge, in zauna ina kallon ƙofa ina kewar 'ya'yana.

Wata Asabar da la'asar ina yawon kashe lokaci wajen unguwar Magajiya, sai na ji ƙarar ƙwallo a kan siminti ta bayan katangar wata makaranta. Wanda ya taɓa buga ƙwallon kwando ba ya ɓata wannan ƙarar, ni kuwa na ɗan taɓa a makaranta har ana cewa ina da hannu. Na leƙa. Filin duk ya tsage, ciyawa ta fito ta tsagar. Kwando ɗaya ya sunkuya, ɗayan kuma wani mai walda ne a Madalla ya lanƙwasa shi da rodi, ya ɗan fi ƙa'ida faɗi, shi ya sa kowa yake son jifa ta wannan gefen. Yara sun kai ashirin, ƙwallo ɗaya tak. Mai kula da su malamin wasannin makarantar ne, wani gajeren mutumin Kudu mai usur a wuya, Hausarsa ta Suleja ce amma harshen garinsu bai sake ta ba. Kafin magariba mun zama abokai, kafin wata ya ƙare mun zama abokan gaba na ranar Asabar.

Shi ya kawo shawarar mu raba yaran gida biyu, kowa ya horar da nasa, mu riƙa karawa duk mako. Mun ji a kaset ɗin bidiyo cewa a Amurka zaɓar sababbin 'yan wasa ake yi bi da bi, sai muka ce mu ma ba a bar mu a baya ba. Asabar ɗin farko ta dogon hutu muka jera su a jikin bangon aji, muka wurga marfin kwalba sama don a san mai fara ɗauka. Wanda ka ɗauka ya zama naka har ya bar makaranta. Marfin ya faɗo mini.

Ban ko yi shawara ba. Akwai wani yaro ɗan shekara goma sha huɗu da ya kere kowa, har ni. Ɗan wani tela ne, 'yan asalin gari, shagon ubansa na bakin kasuwa. Ba shi da surutu, in ya yi dariya sai ya rufe baki da hannu. Na nuna shi. Malamin ya ɗauki wani ƙanƙanin yaro mai manyan ƙafafu kamar ya aro na yayansa, na yi ta yi masa tsiya. Ran nan muka auna kowa a bangon, a ɗora rula a ka, a ja layi da gawayi, a rubuta harafin sunan yaro a gefe. Layin ɗan tela yana can sama shi kaɗai.

Da muka fito malamin ya ja ni gefe ya ce, "Oga, ka duba haɓar yaron nan kuwa? Gemu ya fara. Je ka kasuwa ka ga babansa, ko ni na fi shi. Wannan ya gama tsawo, abi ba ka gani? Koya masa hannu tun yanzu."

Na ce masa hassada ce. Har ga Allah a lokacin haka na ɗauka.

Abin da na koya wa yaron bai wuce uku ba: ka tsaya a gindin kwando, ka ɗaga hannu, in ƙwallo ta zo ka zura. Da wannan muka riƙa cin su malam Asabar bayan Asabar. Ba kofi ake ci ba, abin da ake ci bai wuce baki ba, sai zoɓon leda da wanda aka ci yake saya. Amma mutane sun fara taruwa a kan katanga, masu acaɓa suna tsayawa, a Kwamba ma an daina ce mini akawu, an koma Koci. Mutumin da yake rayuwa shi kaɗai a ɗakin haya, aka wayi gari yara suna rige-rigen karɓar jakarsa, ba zai so a taɓa masa wannan ba. Ni dai ban so ba.

Yaron yana da burinsa, kuma bai ɓoye mini ba. Yana so a ɗauke shi ƙungiyar matasa ta jiha, don ya ji waɗanda aka ɗauka ana samar musu gurbin karatu. In hakan bai yiwu ba, keken ɗinki na jiran sa, uban ya riga ya faɗa. Shi yake riga kowa zuwa fili. Sau da yawa nakan tarar da shi yana buga ƙwallo a ƙasa da hannun hagu, yana tafiya a hankali, tana kufce masa yana bin ta. Da ya hango ni sai ya riƙe ta kamar an kama shi da sata.

Wata rana ya ce, "Koci, yaushe za ku fara koya mini tafiya da ita, irin ta su wancan?" Yana nufin mai manyan ƙafafun nan, wanda malamin yake sa shi riƙe ƙwallo kullum, yana zubarwa, ana cin su, malamin yana hura usur ko a jikinsa.

Na ce, "Wanda Allah ya ɗaga sama, me zai tsinta a ƙasa? Koma wurinka." Ya koma.

Da shekara ta zagayo muka sake awo. Layin kowa ya hau, wani inci biyu, wani uku. Na ɗora rula a kan ɗan tela, sai ta sauka daidai kan layin bara, ko ƙwayar gero ba ta shiga tsakani. Yana tsaye ya miƙe wuya, idonsa na kallon gaba. Na ɗan karkata rular sama, na ja sabon layi. Na ce ya ƙaru da rabin inci, irin su a hankali suke yi. Malamin yana gefe yana kallona, ya tura usur ɗinsa a baki. Shekara ta uku ma haka na yi. A lokacin mai manyan ƙafafu ya kamo shi har ya ɗan gota, cin da muke yi musu ya fara zama da ƙyar. Na san gaskiya sarai. Kullum ina cewa bari mu ci wannan Asabar ɗin, mako mai zuwa sai in fara masa.

Takardar gwajin shiga ƙungiyar jiha ta iso kafin makon nan nawa ya zo. Muka kwashi yara biyar a mota zuwa Minna. Da muka shiga filin gabana ya faɗi. Samarin da aka kawo daga wasu garuruwa, wasu sai sun sunkuya suke shiga ƙofa. Yarona da yake dogon Suleja ya koma matsakaici. Mai zaɓen ya dube shi sama da ƙasa, ya cilla masa ƙwallo, ya ce shi zai riƙa ɗauko ta daga baya yana rabawa.

Bugu na uku ta sauka a kan ƙafarsa ta fita waje. Karo na biyu aka zare ta daga hannunsa kamar an karɓi alewa a hannun jariri. Karo na uku ya miƙa ta ga na kusa da shi, ya ruga gindin kwando ya ɗaga hannu, abin da na koya masa ke nan. Wani ƙato ya tsaya a gabansa, ya rufe shi ruf. Daga can ya waiwayo ya nemi inda nake. Ni kuwa na sunkuya ina gyara igiyar takalmin da ba ta kwance ba. Mai manyan ƙafafu aka ɗauka.

Muka juyo Suleja. Da muka sauka a tasha ɗan tela ya karɓi jakata kamar kullum, ya raka ni har ƙofar gida a Kwamba, ya ce sai da safe. Bai ƙara zuwa fili ba. Na yi ta cewa zan je shagon ubansa, kunya ta hana ni. Shekara na zagayowa aka ba ni gidan ma'aikata a Abuja, na ɗauko iyali, na bar Suleja ba tare da na yi masa sallama ba.

Har yau in la'asar ta yi ranar Asabar, jikina yakan tashi kamar ana jira na a wani wuri. Ina kewar filin nan da ciyawarsa, da kwandon mai walda, da gajeren abokina da ban san inda ya ƙare ba. Amma yaron na fi tunawa, yana bin ƙwallo da hannun hagu.

Bara na je Suleja ta'aziyyar tsohon mai gidan da na yi haya. An gina azuzuwa a kan filin, bangon ya sha fenti ya fi sau nawa. Na daure na nufi bakin kasuwa. Shagon na nan, ya ƙara girma, kekuna huɗu. Wani magidanci mai furfura a gemu ya miƙe daga bayan keke, tef a wuyansa. Tsayinsa na nan yadda na bar shi.

"Koci," ya ce, ya rufe baki da hannu.

Ya sa aka kawo mini ruwa, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya. Ya rantse ba zan tafi ba sai ya ɗinka mini riga. Na miƙe, ya shiga auna ni, kafaɗa, hannu, tsawo, yana duba tef ɗin sau biyu kafin ya rubuta. Yana durƙushe a gabana na samu bakin magana. Na ce masa layukan nan na bango, na biyu da na uku, ba gaskiya ba ne. Ni na karkata rular.

Bai ɗago ba. Ya ce, "Ai na sani, Koci. Baba ne yake auna ni duk salla. Wandona na salla uku tsawonsu ɗaya."

Na ce to me ya hana shi magana.

Ya naɗe tef ɗin a yatsa a hankali, ya ce, "Na ɗauka akwai abin da kuke shirya mini."

Rigar ta iso bayan mako biyu, ta zauna mini cif. Ban iya saka ta sau biyu ba.

Asabar ɗin da ta wuce na sake ba dogon yarona na cikin waya ƙwallo ya ɗauko daga baya. Ya zubar da ita sau goma sha ɗaya, aka yi mana cin kaca. Da safe wasan ya rubuto mini cewa hannunsa ya ƙaru da mataki ɗaya. Na daɗe ina kallon rubutun, sannan na kife wayar, don na rasa wanda zan gaya wa.