Iyakar da Inna Ta Shata wa Kare

Sana'ata sayar da batiran sola da farantansu. Na fara da tebur a bakin titi, ina sayar da tocila da ƙananan batira, har Allah Ya kai ni ga ɗauko kaya mota guda daga Kano. Da wutar gari ta daɗe ba ta zuwa, kayana suka zama abin nema ga masu saye, da kuma waɗanda ba su da niyyar biya. An haura mini katangar gidana a unguwar Jiddari Polo, aka fasa sito, aka kwashi abin da aka iya ɗauka. Na sa waya mai ƙaya, aka yanke ta. Na ɗauki maigadi, na tarar barcinsa ya fi nawa nauyi. Daga nan na yanke shawarar kawo kare mai horo.

Inda gizo yake saƙar ba wajen kuɗi ba ne, wajen Inna ne. Mahaifiyata ta yi kusan duk rayuwarta a unguwar Fezzan, can cikin gari. Bayan rasuwar mahaifina, da gwiwoyinta suka fara ba ta wahala, sai da na yi ta zarya ina lallashi kafin ta yarda ta dawo gidana. Ko da ta yarda, ba ta saki ɗakinta na can ba. Ta kulle shi, ta ƙulle makullin a bakin mayafinta, tana yawo da shi kamar mai shirin tafiya gobe.

Na same ta a inuwar dalbejiyar tsakar gida tana tsince shinkafa.

"Inna, kare zan kawo."

Ba ta ɗago ba. "To, Allah Ya ba ku zaman lafiya kai da shi. Ka nemo mini mai Keke, ɗakina yana nan."

"Na tambayi malam. Ya ce na gadi ya halatta."

"Malam ya ce ya halatta, bai ce dole in zauna da shi ba."

Ni ɗan kasuwa ne, na san idan mutum ya tsaya yana ba ka amsa, ciniki bai mutu ba. Gidana kashi biyu ne: farfajiyar gaba inda sito yake, sai cikin gida. Tsakaninsu akwai wata 'yar kwata ta siminti da ruwan wanke-wanke yake bi ya fita, faɗinta bai kai taki ɗaya ba. Na nuna mata kwatar na ce karen ba zai tsallake ta ba. Ta daɗe tana kallon wurin.

"Wallahi ranar da ya tsallake, ranar zan koma Fezzan."

Tun da na yi wayo ban taɓa jin Inna ta rantse ta saɓa ba.

Wanda ya horar da karen wani tsohon ɗan sanda ne mutumin kudancin Borno, kowa Saja yake ce masa duk da ya daɗe da ajiye kaki. Ya kawo shi, ƙato, baƙin baya, ruwan ƙasa a ƙafafu, ba ya yawan haushi. Ya yi ta zuwa yana koya masa iyakar, har ya zama ko nama aka jefa ƙetaren kwatar sai dai ya tsaya a baki ya zauna. Kafin ya bar mini shi ya ja ni gefe.

"Alhaji, abu ɗaya. A farkon nan kai za ka riƙa ba shi abinci da hannunka. Wanda ya ciyar da shi, shi zai tsaya wa."

Na ce to. A raina na ce mutumin da yake alwala sau biyar, ga kaya fari, ga kasuwa tana jira, ina ya ga lokacin wannan? Na bar wa matata aikin, na kama hanyar Kano. Ita kuwa tsoronsa take ji, daga nesa take wurga masa abincin ta ruga, rabi ya faɗa cikin kwata.

Abin da ya biyo baya daga bakin matata na ji. Inna ta kalli wannan wurge-wurgen har ta gaji, ta ce ba a gabanta za a ɗauki haƙƙin dabba ba. Ta sa aka ware wani tsohon kwano. Ta riƙa haɗa masa ragowar tuwo da kawunan kifi banda, ta ajiye a bakin kwatar, ta sa sandarta ta tura kwanon zuwa ɗaya ɓangaren. Sai ta tsaya, ta dogara sandar, har ya cinye. Ba ta taɓa shi, ba ta kiran sunan da Saja ya raɗa masa. "Wancan" take ce masa.

Bayan na dawo, da Saja ya zo duba karen ya ga kwanon, ya kama baki.

"Mama, wannan kare na aiki ne, ba a ba shi tuwo."

"Kai da me aka raine ka?"

Ya yi dariya ya bar zancen. Amma ya gwada wani abu. Ya ɗaga sanda ya yo kaina, karen ya tashi ya yi haushi kamar yadda aka koya masa. Ya juya ya ɗaga murya ta wajen da Inna take zaune. Wannan karon babu haushi. Gashin bayan karen ya miƙe, ya sunkuyar da kai, ƙafafunsa na gaba daidai bakin kwatar. Saja ya sauke sandar a hankali.

"Alhaji, kai ka saya, amma ba naka ba ne."

Na ji zafin maganar, ban musa ba. Sito dai ya huta da ɓarayi, abin da na nema ke nan.

Kuskurenmu shi ne labarin kwatar ya bazu a unguwa. Maƙwabta kan leƙo su ga karen da ba ya tsallake iyaka, ni ma ina nunawa da alfahari. Wani ya ji, ya yi nasa lissafin. Ya zaɓi ranar Juma'a, lokacin da maza suka tafi masallaci, matata kuma ta tafi suna unguwar Limanti da yara. Bai bi ta gaba ba. Ta katangar baya ya diro, kai tsaye cikin gida, inda ya san karen ba ya zuwa.

Inna tana kan dadduma a gindin dalbejiya. Ya ga makulli a bakin mayafinta, ya ɗauka na sito ne ko na ɗakina, ya fizga. Da ta sakar masa, wataƙila da abin ya tsaya nan. Amma makullin Fezzan ne, ta riƙe da hannu biyu. Ya ture ta ta faɗi, ya zaro wuƙa.

Inna ta ce ba ta ga tsallakowar karen ba, nauyin faɗuwar mutum kawai ta ji a gefenta. Karen ya cafke hannun da ke riƙe da wuƙar, ya kai mutumin ƙasa. Kafin wuƙar ta faɗi ta yanki karen a kafaɗa, bai saki ba. Ihun ɓarawon ne ya tara matan maƙwabta, su kuma suka tare mazan da suka fara dawowa daga masallaci.

Da na iso an riga an fitar da mutumin. Na tarar da mata cirko-cirko daga nesa, babu wadda ta iya matsawa. Inna tana zaune a ƙasa, karen tsaye a kanta, jininsa da yawunsa sun ɓata mata zani. Na ba shi umarnin da Saja ya koya mini. Ya dube ni, bai motsa ba. Inna ta gyara ɗaurin ɗankwalinta, ta ce da shi a hankali, "Ya isa. Koma wajenka." Ya juya yana ɗingishi, ya tsallake kwatar, ya kwanta.

Aka ɗinke masa kafaɗa. Inna ba ta ji ciwo ba sai ƙujewa a gwiwar hannu. Ta hana matata taɓa zanin, ita ta wanke shi da kanta, sau bakwai, har da ƙasa. Ni kuma na zauna da abin da na sani: ya tsallake, kuma ta rantse.

Da safe ta yafa mayafi ta ce a nemo mai Keke. Na ce ni zan kai ta. Muka kama hanyar Fezzan. Na shirya hujjoji iri-iri a raina, irin waɗanda nake shawo kan mai saye da su, na ga babu wadda ta dace da wannan cinikin. Da muka isa ta buɗe ɗakin, ƙamshin tsohon turaren wuta ya fito. Ta zauna a bakin gado ta daɗe. Sannan ta nuna mini wata tukunyar ƙarfe da turminta ta ce in kai mota. Ta kwance makullin daga mayafi, ta miƙa wa wata bazawara 'yar uwarmu da take raɓe a gidan, ta ce ta shiga ta zauna.

A hanyar dawowa ta ce, "Ka auno shinkafa. Kaffarar rantsuwa ta hau kaina."

"Inna, ai ba laifinki ba ne."

"Ban ce ya yi daidai ba. Amma in na tafi, wa zai tura masa kwanon? Kai?"

Ita ta dafa abincin kaffarar a wannan tukunyar, aka raba wa mabuƙata. Iyakar kuma tana nan yadda take, shi ma bai sake tsallakewa ba.

Ni ne ɗanta na fari, kuma bisa al'adar da ta taso a ciki ba ta taɓa kiran sunana ba, ban kuma tuna ranar da ta dafa kaina a gaban mutane ba. Idan na yi tafiya na dawo ba ta yi mini sannu mai tsawo. Sai dai in jiyo ta tana tambayar matata, "Wancan ya ci abinci?" Shi ya sa ranar da sanyi ya fara, da na ga ta ɗauko zanin nan da ta wanke, ta ninke shi, ta sa sanda ta tura wa karen ƙetaren kwata don ya kwanta a kai, sai na kau da kai. Na shige sito na yi kamar ina gyara kwali, har sai da idona ya bushe.