Gwangwani Biyu na Yaya Gado

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana Gado, mai gyaran kayan lantarki a bakin kasuwar Dogon Dutsi. Mutane sun daina tambayata shi. Ni ne dai har yau hadari ba ya haɗowa ban tuna shi ba.

Gado bai yi nisa a lakkwal, wato makarantar boko, ba, ni na yi, na zama malami, kuma na sha yi masa gorin haka. Amma akwai wani ɗan faifai shuɗi, bai kai marfin kwalba ba, da ake sa wa injin famfo mai aiki da hasken rana don ya tare tsawa. Wannan faifan kam, Gado ya san shi ciki da bai. Ya ce garin tutiya ne aka gasa kamar tukunya, aka barbaɗa masa ɗan garin wasu ƙarafa. Barbaɗen nan shi ne komai. In ya yi daidai, faifan yana tsare hanya, sai tsawa ta zo ya buɗe ya kai ta ƙasa. In aka yi ƙwauronsa, wuta ta riƙa tsiyaya a ciki, faifan ya yi ta zafi har ya lalace ba wanda ya sani.

"Wanga aikin Inna na," in ji shi, don mahaifiyarmu maginiyar tukwane ce. "Ba ka ga tana zuba dakakken tsingaro cikin yumɓu ba? Zamna in gwada maka awo."

"Yaya, bar ni da allina," na ce masa ina dariya.

Kowane faifai sai ya auna shi da na'urarsa, ya jefa a ɗaya daga cikin gwangwanaye biyu. Bayan sadakar arba'in na je kwashe shagon. Na ga duka shuɗɗa ne, girmansu ɗaya, sai na juye su wuri guda don in rage kaya.

Da damina ta gabato, mutanen wani ƙauye wajen Sukukutane suka zo neman faifan Gado, don shi ke canja musu kowace shekara. Na sa hannu na ba su ɗaya, har da fahari. Tsawar farko ta ƙone injin. Ashe gwangwani ɗaya na masu kyau ne, ɗayan na marasa kyau. Matan ƙauyen suka koma jan guga har kaka, kuma ba wanda ya zo ya yi mini faɗa. Da sun zo da ya fi mini sauƙi.

Yanzu allunan hasken rana sun cika Arewa, har kan bukkokin makiyaya. Da Gado zai gani, na san ba zai yi murna da wuri ba, tambaya zai yi ko an auna.

Gwangwanin yana ɗakina, na'urar ma. Wani lokaci nakan ɗora faifai a kanta, lambobi su fito, in zauna ina kallonsu. Amsar tana gabana ƙiri-ƙiri, mai karanta mini ita ne babu. Allah ya jiƙanka, Yaya. Ka ce in zauna, ga shi na zauna.