Gadar Kawu Sale

Duk wanda ya zauna da Kawu Sale a unguwar Nakkasa ya san wannan sautin: fuu, fuu! Kaset ɗin gem ne a bakinsa, yana hure ƙura kafin ya cusa shi cikin na'ura. Ƙanen mahaifiyata ne, gyaran mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, shi ne sana'arsa, amma hankalinsa na kan tsofaffin na'urorin gem da yake tsintowa a kasuwar gwanjo. Akwai kuma kaset ɗaya da ya zo da shi tun daga Kano, mai wata gada da ake tsallakewa a ƙarshen wasan. Ya yi furfura a bakin gadar nan. Kullum ya yi tsalle, kullum ya faɗa ruwa.

"Sai na haye ta kafin in mutu," in ji shi.

Wata rana maƙwabciyarsu Hajiya Iyami ta hango shi yana hurawa, ta ɗauka tofi ne. Sai ga ta da na'urar markaɗenta da ta mutu. Kawu ya hura don a rabu lafiya. Abu ya tashi!

"Ƙura ce kawai, Hajiya."

"Haka manyan malamai suke cewa."

Da rusau ya iso unguwar za su koma unguwar Kudai, ya jera kaset-kaset a kujerar gaba, wajen sanyi, ya nuna wa matarsa Inna Rabi bayan a-kori-kura.

"Malam, ni ce kayan?"

"Ke kina jure zafi, Rabi. Su ba sa jurewa."

Har suka gama jera ɗaki, shayinsa ba sukari.

Ni ma, da nake malamin makaranta, na taɓa kawo ɗauki. Na ce, "Kawu, ga shi a waya, an nuna yadda ake hayewa." Ya dube ni ta saman tabarau.

"Kai ne malamin makarantar? Satar amsa kake koya musu? Yalla, tashi!"

Da ya kwanta ciwo a asibiti, numfashi na yi masa wuya, ya kama hannuna. "Kaset-kaset ɗin nan, ka riƙa hura musu. Tawa iskar ta ƙare."

Bayan an share makoki na je na hura, na kunna. Na kai gada, na faɗa ruwa, kamar gadon gida. Inna Rabi ta ajiye carbinta.

"Miƙo nan."

Tsalle ɗaya, jama'a! Ta haye, ko ƙifta ido ba ta yi ba.

"Inna! Yaushe?"

"Tun muna Nakkasa, in ya fita aiki."

"Kuma ba ki taɓa gaya masa ba?"

Ta goge ido da bakin mayafi. "In ya haye, me zai sa ya riƙa dawowa gida da wuri?"

Allah Ya jiƙan Kawu Sale, Ya yafe masa. Akwai gada ɗaya da ta rage a gabansa, Siraɗi. Ya Allah, wannan kam Ka sa ya haye ta da tsalle ɗaya.