Taurarin da Baffa Ya Gani da Tsakar Rana

Har yau idan ludayin ƙarfe ya bugi bakin tasa, ko da wajen wanke-wanke ne, sai na ɗaga kai na dubi sama kafin in tuna cewa ba komai. Da wannan 'yar ƙara abin ya fara. Ina 'yar shekara tara a lokacin, a ƙauyenmu da ke bayan 'Yankara a ƙasar Faskari, shekarar da aka bar fam da sule aka koma naira, wadda kuma ruwan sama ya yi mana rowa.

An yi shuka, gero ya tsiro ya tsaya cak, yana jiran ruwa na biyu da bai zo ba. Ranar, rana ta take, azahar ta kusa. Inna tana surfe a gindin durumin tsakar gida, ni kuma ina tankaɗe kusa da ita. Kaka, mahaifiyar Babanmu, tana zaune a ƙofar ɗakinta. Ita ta fara lura cewa hasken ya koɗe kamar zanen da ya sha wanki, alhali babu ko ɗigon gajimare. Ta jawo tasarta ta fura, ta ɗauki ludayi, ta fara bugawa a hankali. Kafin Inna ta ajiye taɓarya maƙwabta sun amsa, wannan da kwano, wancan da gwangwani, har ƙauyen ya ɗauka. A wajen su Kaka, rana ce ta yi zazzaɓi, kuma sai an yi mata hayaniya take farfaɗowa.

Kaka ta hana mu kallon sama. Ta zuba ruwa a baƙin akushinta ta ajiye a fili, muka kewaye shi. A cikin ruwan na ga rana an gutsure ta kamar waina, gutsuren yana ta ƙaruwa har ta koma kamar jinjirin wata mai kauri. Abin da ya fi burge ni shi ne ƙasan durumi. Duk hasken da ke ratsowa ta tsakanin ganye ya zama 'yan ƙananan jinjirin wata, birjik a kan turmi, a kan zanen Inna, har a bayan hannuna.

Maza suka tafi masallaci, liman ya ja su doguwar sallar kusufi. Ya aiko a daina buge-buge, ya ce rana aya ce daga ayoyin Allah, addu'a ake yi ba kiɗa ba. Kaka ta rage ƙarfin bugun, amma ba ta daina ba. Can sai rana ta fara cikowa. Duhu dai bai yi ba, ko kaji ba su nufi akurki ba, kuma da an ba ni allura da na zura mata zare. Kafin la'asar Inna ta koma kan turminta.

Mutum ɗaya ne ba ya gari a ranar, wato Baffa, yayan Babanmu. Fatauci ya tafi arewa, can gaba da Agadas cikin duwatsun Azbin, inda yakan kai zannuwa ya dawo da dabino. Ya kamata in gaya maka ko wane ne Baffa. Ba malami ba ne, ba kuma mai hali ba. Abin da yake da shi shi ne ba a taɓa kama shi da ƙarya ba, ga shi ba ya mantuwa. Idan mutum biyu suka yi jayayya kan iyakar gona, shi ake ɗauka a tafi da shi, ya nuna inda kakanninsu suka dasa gamba, magana ta mutu. Mai gari ba ya yanke irin wannan hukunci sai ya ji ta bakinsa.

Bayan kamar mako uku ya dawo. Da yamma maza suka cika zaurenmu don yi masa barka da zuwa, mu yara muka raɓe a bakin ƙofa saboda dabino. Aka ba shi labarin zazzaɓin rana. Sai ya girgiza kai, ya ce su a can ba zazzaɓi ta yi ba, mutuwa ta yi. Ya ce iska mai sanyi ta taso, inuwa ta taho a guje ta kan duwatsu, duhu ya rufe su har raƙuma suka gurfana. Inda rana take sai wani baƙin rami, da farin haske kewaye da shi kamar an barbaɗa gari. Kuma ya ga taurari da idonsa, da tsakar rana.

Sai wani taubashinsa, tsoho mai son zolaya, ya gyara zama.

"Malam, rana nawa Allah Ya yi?"

"Ɗaya."

"To wadda muka gani ita ka gani. Mu ma fa nan muke, ba barci muke yi ba. Ko dai ƙishirwar Azbin ce ta hau maka kai?"

Aka fashe da dariya. Ka san maganar tana da kama da gaskiya, don babu wanda ya taɓa jin cewa ranar Faskari daban, ta wani gari daban. Tsohon ya hango ni, da yake ni kaɗai ce mace a gidan da ke zuwa firamare, ya yafito ni.

"Ke 'yar boko, zo ki raba mu. A littafinku akwai taurari da azahar?"

Na ce babu. Da ƙarfi na faɗa, kuma da aka sake yin dariya sai na ji daɗi, wai ni ce na raba gardamar manya. Baffa ya dube ni, bai ɓata rai ba. Ya sa hannu a buhu ya cika mini tafi biyu da dabino, fiye da na kowa.

Da wasa abin ya fara. Aka laƙaba masa Mai Taurari, yara suna faɗa a bayan idonsa. Amma da lokacin girbi ya yi, ɗan abin da aka samu bai kai ya kawo ba, rai ya ƙuntata, sai rigimar iyaka ta tashi tsakanin wasu gidaje biyu. Aka kira Baffa kamar kullum. A gaban jama'a ɗaya daga cikin masu rigimar ya ce shi ba zai karɓi shaidar mutumin da ke ganin taurari da rana tsaka ba. Mai gari ya sunkuyar da kai, sa'annan ya ce a nemo wani. Baffa ya saɓa sandarsa ya dawo gida, kuma daga ranar ba a ƙara kiransa ba.

Na ji Babanmu yana lallashinsa, wai ya ce wa mutane gajiyar hanya ce ta sa ya ga haka, kowa zai manta. Baffa ya ce, "Kana so in yi ƙarya don a ce ni mai gaskiya ne?" Bai ƙara ba da labarin ba, bai kuma janye shi ba.

Shekarun nan ne arzikin mai ya buɗe, aka yi ta gina makarantu, ni ma aka kai ni sakandaren 'yan mata ta kwana. Ina aji biyu malamarmu ta rufe tagogi, ta kunna tocila, ta riƙe lemo tsakanin tocilar da ƙwallo. Ta nuna mana yadda inuwar lemon ke faɗawa kan ƙwallon, 'yar ƙarama, baƙa wuluk a tsakiya, dishi-dishi a gefe. Ta ce wanda ke tsakiyar inuwar wata duhu zai gani har da taurari, na gefe kuwa sai dai ya ga an gutsuri rana. Ashe mu a gefe muke. Ban ji sauran darasin ba.

Na ƙudura zan gaya masa idan an yi hutu. Na je na durƙusa na gaishe shi a ƙofar ɗakinsa, ya tsufa, ya rame. Ya tambaye ni karatu, na ce lafiya lau, sai kunya ta ɗaure mini baki. Ta yaya yarinya za ta tayar da maganar da ita ta taya aka binne? Na gaya wa Inna, ta ce in bar tone-tone. Na ce to sai hutu na gaba. Kafin hutu na gaba aka aiko makaranta cewa Allah Ya yi masa rasuwa.

Shekara talatin da 'yan kai bayan wancan kusufin, ina gidan aurena a Ƙanƙara, rediyo ta yi ta sanarwa cewa za a yi wani, kada kowa ya kalli rana da ido. Da bazara ne, da hantsi. Na ce a raina ai na taɓa gani. Na fito da akushin Kaka da na gada, na zuba ruwa, autata 'yar shekara shida tana riƙe da gefen zanena. Aka fara kamar wancan, hasken ya koɗe, rana ta gutsure. Amma wannan karon ba ta tsaya ba. Zafin ya ɗauke, wata iska mai sanyi ta ratsa gidan. Kajina suka jeru suka shige akurki. Sai duhu ya faɗo gaba ɗaya, kamar an kifa mana ƙwarya, gefen sama ko'ina ya yi ja irin na magariba. Na ɗaga kai. Ga baƙin ramin, ga farin hasken kewaye da shi kamar an barbaɗa gari. Ga tauraro can gefe, fes.

Na san bayanin, an nuna mini da tocila da lemo. Duk da haka sai na zauna a ƙasa ina salati ina hawaye, ina cewa Baffa ka yafe mini. Komai ya faɗa daidai, bai ƙara ko ƙwaya ba.

Yanzu zamani ya canza. Abu ya faru a wata ƙasa, kafin ka sauke tukunya yara sun nuna maka hotonsa a waya. Baffa ba shi da hoto, bakinsa kawai gare shi. Mutanen da ke zauren nan duk sun riga mu gidan gaskiya, babu wanda zan je in ce wa mun zalunce shi. Abin da nake iyawa shi ne duk azumi in sayi dabino in raba, Allah Ya kai ladan kabarinsa.

A ranar dai, da haske ya dawo, zakara ya yi cara kamar asuba ce. Autata ta saki zanena, ta dubi sama, ta dube ni, ta ce, "Umma, idan muka gaya wa waɗanda ba su nan, za su yarda?"