Ranar da Inna Ta Zubar da Kunun Kanwa

Shekara ashirin da shida ke nan da aka kai mahaifiyata makwancinta a Gazara, ta ƙasar Makarfi. Duk shekara idan lokacin ya zagayo nakan dama fura in raba wa maƙwabta, in yi mata addu'a, in ja bakina in yi shiru. Bana shirun ya gagare ni. Wani abu ya faru a unguwarmu, nan Ikara, wanda ya sa ko tuna ta na yi sai in ji kaina ya yi nauyi. Shi ya sa na ce bari in rubuta, ko da yake rubutun 'yar yaƙi da jahilci ne, wadda ta fara riƙe alƙalami da goyo a baya.

Ni ce 'yar farinta. Yaran yanzu ba za su san nauyin wannan magana ba, su da uwa ke rangaɗa wa ɗan fari kira tun daga bakin titi. A zamaninmu uwa ba ta kama sunan ɗanta na fari, ba ta kallonsa ido cikin ido, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. Inna kuwa ta haɗa kunya biyu, ta Hausa da ta Fulani, don uwarta daga ruga aka auro ta. Sunana Rakiya, amma a bakin Inna ni “waccan” ce. Idan wata Rakiya ta shigo sayen daddawa, sai Inna ta ce da ita “mai sunan mutane”, matan gida su yi ta dariya.

Abin mamaki, wannan mata mai kunya ita ce mai ba duk unguwa shawara. Ita ke cewa a rufe randa, a ware mata moɗa guda, kada kowa ya tsoma hannu. Ita ke sa a wanke hannu da toka idan an fito daga bayan gida. Tana ba yara ƙwai, alhali kowa na cewa yaron da ya saba da ƙwai ɓarawo zai zama, ita kuwa takan ce yunwa ce ke koya sata. Da kaka, idan maza suka fara rawar ƙafa za su kwashe dawa zuwa kasuwa, takan tuna wa matansu cewa wanda ya sayar da hatsinsa da araha a kaka, shi zai saye shi da tsada a marka. Zogale da rama ba su taɓa yankewa a bayan ɗakinta ba, kuma ba ta yarda mace ta sayi abin da bayan ɗaki zai iya ba ta.

Ni kaɗai ce ba ta iya ba wa shawara kai tsaye. Sai dai ta kira ƙanwata Asabe, ina tsaye a wurin, ta ce a gaya wa waccan ta shafa man kaɗanya, ƙafarta ta fara faso. In Asabe ba ta nan, kaji take yi wa magana. Tana watsa musu tsaki tana cewa wasu dai ba sa asuwaki da safe, za su ga abin da zai sami haƙoransu. Haka na tashi ina tsintar tarbiyyata daga bakin kaji, kuma ban taɓa jin wani abu ya rage ni ba.

Na yi haihuwar fari ba a daɗe da sauke tutar Turawa ba. Mijina mutumin Taba ne, ta wajen Kudan, sai aka dawo da ni gida wankan jego kamar yadda aka saba. Uwa ba ta yi wa 'yar fari wanka, don haka Gwaggo Kande, yayar babana, ta karɓi aikin. Ina so mai karatu ya sani, Gwaggo ba muguwa ba ce. Tana ƙaunata ƙwarai, kuma abin da ta gada shi ta yi mini. Babban abin tsoro ga mai jego a lokacin shi ne sanyi ya shige ta, maganinsa kuma zafi. Safe da yamma a tafasa ruwa a babbar tukunya, a tsoma ganye a riƙa fyaɗa mini har fatata ta yi jawur. In na fito in kwanta a gadon ƙasa da aka hura wuta a ƙarƙashinsa. Sannan ga kunun kanwa, ƙwarya cike, mai kanwar da har harshe ke tsattsagewa, wai shi ke kawo nono ya wanke ciki. Dangin miji kuma da tulin itace da dunƙulen kanwar da suka aiko ake auna mutuncinsu. Mutanen Taba ba su so a raina su, suka yi ta aikowa.

Ban kai rabin arba'in ba ƙafafuna suka fara kumbura. In na danna da yatsa sai ramin ya zauna. Daga ɗaki zuwa bayan gida sai na tsaya hutawa, in na kwanta kuma numfashi ya ƙi, sai na jingina da bango. Gwaggo ta duba ta ce sanyi ne ya sami hanya, a ƙara wuta, a ƙara kanwa. Tsofaffin unguwa duk suka goyi bayanta.

Inna ta san abin da take gani. Tana da ƙanwa da ta rasu a jego tun kafin a haife ni, da irin wannan kumburi da irin wannan haki, ana ta ƙara mata wuta har rai ya yi halinsa. Ba ta je makaranta ba, ba ta san sunan ciwon ba, amma gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Sai ta fara da hanyoyinta na kullum. Ta ce da Asabe a gaya wa Gwaggo kanwar ta yi yawa, Gwaggo ta ce yarinya ta kama kanta. Ta gaya wa kaji, da ƙarfi, cewa akwai asibiti a Zariya. Ta riƙa faɗa wa bango. Har satar hanya ta yi tana tsarma kunun da ruwa, Gwaggo ta ɗanɗana ta gane, ta koma dama shi a ɗakinta. Hannunka mai sanda ya ƙare, ba wanda ya duba inda ake nunawa.

Ranar da abin ya faru, ranar kasuwar Makarfi ce, da hantsi. Surukata da mata uku daga Taba sun zo duba ni da sabon kaya, tsakar gida cike, ana ta gaisuwa. Gwaggo ta miƙo mini ƙwarya, na kai baki. Sai na ga inuwa a bakin ƙofa. Inna ce, wadda tun da na haihu ba ta taka ɗakin ba. Ta karɓe ƙwaryar, ta fita da ita, ta zubar da kunun a tsakar gida a gaban baƙi. Ta dawo da tulu ta kashe wutar gadon. Sannan ta dube ni, cikin ido, ta ce:

“Rakiya, tashi mu tafi.”

Gwaggo ce ta fara samun baki.

“Hansatu, 'yar farin taki? A gaban surukai? Ina kunyarki ta tafi?”

“Yaya, ki yi haƙuri,” in ji Inna. “Na yi kunya na binne ƙanwata. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.”

Ta goya jaririn, ta aika a gaya wa babana a gonar rake, ta ɗora ni a jaki har bakin hanya. Can muka sami babbar mota da ta yi lodin mazarƙwaila za ta Zariya, direban ya dubi ƙafafuna ya ce mu hau gaba. Zan faɗi gaskiya, a duk tsawon hanyar nan ba mutuwa nake tsoro ba. Kunya ce ta ishe ni. Na ja mayafi na rufe fuska, ina jin kamar duk 'yan kasuwa sun ji uwata ta kira sunana. Har roƙonta na yi mu koma. Hannuna kawai ta riƙe, hannun da ba ta taɓa riƙewa ba tun da na yi wayo.

A asibiti suka ce zuciyata ce ta gaji, ruwa ya taru a jiki, kanwa da zafin wuta suna ƙara mata kaya. Suka hana ni kanwa, suka rage gishiri, suka ba ni magani, ruwan ya riƙa fita. Na kwanta har kumburin ya saɓe, na dawo da ƙafata. Bayan wannan na haifi shida, ba wanda aka dama mini kunun kanwa a jegonsa.

Inna ce ta biya kuɗin wannan lafiya, kuma da mutuncinta ta biya. Gwaggo ba ta sake cin abincin hannunta ba sai da shekaru suka ja. Mutanen Taba suka ce an zubar musu da kanwa an zubar musu da daraja, sai da dattawa suka shiga tsakani kafin in koma ɗakina. Mata suka sa mata suna Marar Kunya, suna yi mata habaici a wajen niƙa. Waɗanda a da suke sallama don neman shawara suka ɗauke ƙafa. Ita kuwa ta koma gidan jiya kamar ba a yi komai ba, na sake zama “waccan” har ta bar duniya. Ni ma ban taɓa buɗe baki na ce mata na gode ba, don kunyar 'yar fari hanya biyu take bi. Nakan aika mata da goro da sabulu in ce a kai wa mutanen gida.

Wani lokaci nakan tambayi kaina, da za ta leƙo yau me za ta ce. Na san za ta yi murna da ganin ɗakin shan magani kusa da kowane ƙauye, har Malikanchi da Taba, ga babur ko'ina, ba sai an jira motar mazarƙwaila ba. Za ta riƙe baki idan ta ga yawan dunƙulen ɗanɗano da ake jefawa a tukunya guda, da yaran da ake karya wa kumallo da lemon kwalba, da matar da za ta sayi zogale a kasuwa ga fili a bayan ɗakinta. Wayar hannu kuwa, inda kowa ya zama likita, ina jin ita ma kaji za ta kai wa ƙararta. Amma abin da zai fi ɓata mata rai shi ne ta tarar har yanzu, a wasu gidaje, ana hura wa mai jego wuta ana ɗura mata kanwa, masu gani kuma suna shiru don kada a ce sun shiga abin da ba nasu ba.

Ni ce ɗaya daga cikin masu shirun. Bayan sallar layya da ta wuce, Zulai, matar ɗan maƙwabciyata, ta haihu. Na shiga barka, na sake shiga dubiya, sai na ga ƙafafunta. Na ga yadda take jingina da bango tana jan numfashi, ga ƙwaryar kunu a gefenta. Ba wanda ya fi ni sanin wannan a duk Ikara. Amma uwar mijin ƙawata ce, tare muke zuwa islamiyya, kuma ita ke yin wankan da hannunta tana alfahari. Na ce Allah ya raya, Allah ya ƙara sauƙi, na sa takalmina na fito. A gida na ce da jikata ta je ta gaya musu wai an ce kanwa ba ta da kyau. Na aika musu da lemo da kankana. Na yi ta kewaye-kewaye ina cewa gobe zan yi magana, goben na wucewa, ina lallaɓa zumunci yarinya na kumbura.

Sai da na ji tarinta ta kan katanga wata safiya sannan na shiga. Na ɗauke ƙwaryar, na kira mijin a gaban uwarsa na ce ya nemo mota yanzu. Ƙawata ta ce ba gidana ba ne, na ce na sani. Likita ya ce da an ƙara jinkiri da sai dai wani labarin, kuma da an zo da wuri da zuciyar ba ta jigata haka ba. Zulai tana raye, alhamdu lillahi, tana shan magani. Amma ba ta iya daka, ba ta iya ɗaukar bokiti, kuma an gargaɗe ta a kan sake ɗaukar ciki, yarinyar da haihuwarta ta fari ke nan. Duk sanda ta gan ni sai ta durƙusa ta yi godiya, tana tsayawa a tsakiyar gaisuwa ta ja numfashi. Ba na iya haɗa ido da ita.

Na daɗe ina zaton abin da Inna ta bar mana shi ne rufe randa da toka da zogale, kuma waɗannan na riƙe su, na koya wa 'ya'ya da jikoki. Su ne masu sauƙin gado, don ba wanda zai zage ka a kansu. Mai wuyar shi ne wanda ta yi sau ɗaya tak a rayuwarta, ita da kunya ta fi ƙarfinta fiye da kowa, kuma a kan abin da ta gani da ido kawai, babu likitan da ya taɓa yi mata bayani. Ni an yi mini bayanin, a jikina aka yi, na kuma tsaya lissafin fuskar ƙawa. Don haka duk wadda ta ga mai jego ƙafa ta kumbura, numfashi na yi mata wuya, kada ta aika yaro, kada ta jira gobe. Ta shiga da kanta, a kai ta asibiti, in ya so a yi fushi da ita daga baya.

Allah ya jiƙan Inna, ya haskaka kabarinta, ya yafe mini abin da na kasa. Ƙawata har yau ba ta amsa sallamata, kuma na ji a unguwa an fara kirana Marar Kunya. Ban yi fushi ba. Abin da ke cina shi ne ban ci sunan ba tun ranar da na fara ganin ƙafafun Zulai.