Ƙuri'ar Ƙanwata a Ingila

Ni da ban taɓa taka ƙasar Ingila ba, a shekarar da suka yi ƙuri'ar fita daga ƙungiyar ƙasashen Turai babu wanda ya kai ni bin siyasarsu a kaf unguwarmu ta Tremont da ke Bronx a New York. Tsohuwar da nake kula da ita a unguwar Highbridge shirin girke-girke take so, amma da gyangyaɗi ya ɗauke ta sai in zare rimot daga hannunta a hankali in koma tashar labarai. In tsaya da tsumman goge-goge ina kallon manyan mutane da kwat suna yi wa juna ihu a kan baƙi. Masu son a fita suna cewa baƙi sun yi yawa, a rufe ƙofa. Masu son a zauna suna cewa in an rufe, wa zai yi musu jinya, wa zai yi musu aikin gona. Ni duk ba wannan ne ya dame ni ba. Ƙanwata ce ta tsaya min a rai.

Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, ni ce babba, a bayana ta yi wayo. Ni na riga ta fitowa waje ma. Na biyo mijina New York da bizar ziyara, auren ya mutu, bizar ta mutu, ni na zauna. Ita sai can daga baya ta gama karatun nas a Kano, wani asibiti a Ingila ya ɗauke ta, ta shiga ta ƙofar gaba da takardunta tsaf. Duk shekara sai ta je gida. Ni kuwa tun da na sauka ban sake ganin Kano ba, don in na fita babu dawowa.

A gidan namu na Kano akwai 'yata. 'Yar fari ce, na bar ta wurin Inna, mahaifiyarmu, tana koyon tafiya, a kan zan dawo in ɗauke ta kafin ta shiga firamare. Lokacin ƙuri'ar nan tana tsakiyar sakandare. Mu a gidanmu uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta nuna ta damu da shi a gaban manya, ba ta cewa nawa ne. Kunya ce, haka muka tashi muka tarar. Har yau "yarinyar" nake cewa. Ita ma ba ta taɓa ce min Umma ba, ta ji ƙanwata tana ce min Yaya, ta ɗauka. In na kira Inna sai na gama tambayar maƙwabta da awaki, sannan in ce, "Mutanen gidan fa?" Inna ta san wa nake nufi.

Ƙanwata ba ruwanta da wannan takunkumin, ita Anti ce. Ta rungume ta a gaban kowa, ta ƙwala mata kira da sunanta, ta ɗauke ta su tafi kasuwar Kwari zaɓen atamfa. Ni in aika kuɗin makaranta, ita ta je ranar rabon kyauta ta tsaya a gefenta a ɗauke su hoto. Hoton ya shigo wayata, in rubuta masha Allah. Kishinta nake yi, ba zan ɓoye ba.

Ana cikin azumi ƙanwata ta kira ni, ina tsaye a tashar bas rana tana dukana.

"Yaya, kin san zan yi zaɓe?"

"Zaɓen me? Yaushe kika zama Baturiya?"

Ta yi dariya ta ce ai duk ɗan ƙasar da Ingila ta rena, in yana zaune a can da izini, yana da ƙuri'a ko ba shi da fasfonsu. Tafɗi! Ni shekara da shekaru ina wanke tsofaffin Amurka, ko fentin da za a shafa wa matattakalar gidanmu ba a taɓa jin ta bakina ba. Ita yarinyar da na goya, ana tambayarta inda ƙasa guda za ta dosa.

"To me za ki zaɓa?"

"A fita mana. Yaya, ni sai da na yi jarrabawa kan jarrabawa, har ta Turanci, ni da na yi karatu da Turanci tun ina 'yar firamare. 'Yar Sifen ko 'yar Foland ta zo da katin shaida kawai, gaisuwar kirki ba ta iya ba, washegari tana aiki. In an fita kowa layi ɗaya zai bi. Za su rasa ma'aikata, dole su waiwayo mu. Kin ga sai in ɗauko..." Ta faɗi sunan yarinyar. "Ta zo wurina ta zauna."

Bas ta zo, ta buɗe ƙofa, ta rufe, ta tafi, ina tsaye da waya a kunne.

Ni fa ina da nawa shirin. Akwai lauyan da ke riƙe da maganata, kullum cewa yake in ƙara haƙuri, takarduna za su fito. In sun fito ni zan ɗauko ta. Har inda zan sa mata gado na zaɓa, jikin taga, inda hitar ɗumama ɗaki ta fi ɗumi. Yanzu ga ƙanwata za ta riga ni da ƙuri'a guda.

Daga ranar na zama uwar yaƙin neman a zauna. Ni da ba ni da ƙuri'a a Ingila, ba ni da ita a Amurka, ta Najeriya ma sai na je. Duk abin da na ji a talabijin sai in kwashe in kai mata. Na ce mata masu korar ɗan Foland yau, gobe ke za su kora. Na ce kina ganin wanda ya gaji da farin baƙo zai shimfiɗa wa mai hijabi tabarma? Ki yi hankali, wallahi amfani da ku suke yi. Maganata gaskiya ce, na sani. Amma ba don gaskiyar nake faɗa ba. Ita kuma sai ta ce, "Yaya, ba ki san siyasar nan ba," da wata irin murya mai sanyi da ta koya a asibiti, wadda ake yi wa marar lafiya magana da ita. Muryar nan ta fi zagi ci min rai.

A ƙasan gidanmu akwai wata Hajiya 'yar Maraɗi mai shagon atamfa da turaren wuta, tare muke shan ruwa. Rannan na dame ta da zancen, ta ajiye kofin kunu ta kalle ni.

"Ke mi ya haɗa ki da Ingila? Mu Faransa ta rene mu, ko ruwa ba ta ba mu, kin ji muna kuka?"

Na ce ina jiye wa ƙanwata ne.

"Ƙarya kike, da azumi a bakinki yini guda. Ɗiyar ce. Ki buɗe baki ki ce ma ƙanwarki ɗiyarki ce, ta bar miki abinki."

"Haba Hajiya, a ina aka taɓa yi?"

"A Bronx. Nan babu abin da ba a yi."

Na ji haushinta sosai, kwana biyu a ɗakina na sha ruwa.

Da safe na ji sakamakon, ina cikin jirgin ƙasa mai lamba huɗu. Saƙon muryar ƙanwata ne, har da guɗa: "Yaya, mun ci!" Mun ci. Ita da su wa? Na kife wayar a cinya, ina jin kamar in sauka a tashar gaba in koma gida in kwanta.

Ba a yi nisa ba ta kira ni tana kuka. Wani ƙato ya tare ta a tashar bas da kayan aikinta a jiki, ya ce an yi zaɓe an gama, ta tattara ta koma inda ta fito. Da ina wurin da sai dai a raba ni da ƙaton nan. Na lallashe ta, na yi mata addu'a. Amma can ƙasan zuciyata wani abu ya yi sanyi, yana cewa ai na gaya miki. Duka biyun na ji, lokaci ɗaya.

Sai Turawan suka shiga ja-in-ja, shekaru suna tafiya an kasa fita. Shugaba ya hau, ya faɗo, wani ya hau. Duk sanda na ji an ɗage sai in ji daɗi, har kaza na taɓa soyawa na kai wa Hajiya, ta ci tana yi min dariya. Tsere nake gani tsakanin majalisarsu da lauyana, kuma duka biyun babu mai sauri. Aka zo aka fita, annoba ta shigo, muka yi ta aiki da ƙyalle a hanci ni da ita, kowa a ƙasarsa. Bayan annoba kuwa, abin da ƙanwata ta faɗa shi ya faru. Suka rasa masu kula da tsofaffinsu, suka buɗe ƙofa, 'yan Najeriya suka yi ta tafiya. Wannan ya fi komai ƙona min rai. A ce ita ce ta yi gaskiya!

Wata Lahadi da rana ina gidan wanki, injina suna ta juyi, kiran bidiyo ya shigo. Ƙanwata ce, ta je hutu Kano. Ga ta a ɗakin Inna, ga Inna a kan darduma da carbi. Bayan gaisuwa ƙanwata ta gyara zama.

"Yaya, an samu wuri. Gidan kula da tsofaffi ne, kusa da ni, za su ɗauki yarinyar aiki. To shi ne aka ce a tambaye ki. Kin yarda ta tafi?"

Aikina ke nan, sak. Wankan tsofaffi, canza musu zanen gado, ba su abinci a baki. In shi za ta yi, me ya hana ta yi shi kusa da ni, in nuna mata yadda ake ɗaga mutum ba a karya baya ba? A'a nake shirin cewa. Na duba hoton, ban ga yarinyar ba. Inna kawai na gani, ta daina jan carbi tana kallona. Matar da ta rene ta tun tana koyon tafiya, ita ba ta ce tata ce ba, ni zan buɗe baki a gabanta in ce tawa?

Sai na yi dariya. "Ni kuma? Ni me nawa a ciki? Ai 'yarku ce ke da Inna. Duk yadda kuka yi daidai ne."

"Allah ya yi miki albarka," in ji Inna.

Shekaru ina ƙorafin ba a tambayata komai, ga shi an tambaye ni, abin da na ce ke nan. Na zauna a kan benci har kayana suka gama bushewa suka huce a cikin inji. Na ce a raina ƙanwata ta san gidanmu, ta san abin da zan ce a gaban Inna, shi ya sa ta tambaya a nan. Makira! Da wannan na riƙe ta, ina gaishe ta sama-sama, ina kallon hotunansu ita da yarinyar a Ingila cikin dusar ƙanƙara da riguna iri ɗaya.

Bara takarduna suka fito. A lokacin iska ta juya a Ingila. Mutanen nan dai masu kwat sun dawo talabijin suna ihu baƙi sun yi yawa, wannan karon namu suke nufi, ana ta tsaurara dokoki. Na ce yawwa, ga damata. Na yi abin da ban taɓa yi ba, na kira yarinyar da kaina, ba ta hannun kowa ba. Da safe ne a nan, ita tana hutun rana a wurin aiki.

Muka gaisa. Na yi ta kewaye-kewaye, sannan na ce, "Ina jin surutun da ake yi a kanku. Ni kuma takarduna sun fito. Lauya ya ce zai ɗauki lokaci, amma in aka fara yanzu... akwai wuri a nan."



"Yaya, ranar da aka tambaye ki, ina ɗakin."

"Ban gan ki ba."

"Ni na riƙe wayar."

Na jawo kujerar kicin na zauna.

"Anti cewa ta yi ba sai an tambaye ki ba, za a sa ki a tsaka mai wuya ne kawai. Ni na nace. Na ce mata in kika ce a'a zan zauna in jira ki, ko shekara nawa ne."

"Ai kin san kunya ce," na ce. "Ga Inna a zaune."

"Na sani. Inna ta yi min bayani a ranar. Amma Yaya, ko bari in yi tunani ba ki ce ba. Dariya kika yi."

"To yanzu na ce ki zo. Ni na ce. Ki zo wurina."

Na ji ta ja hanci. Can bayanta wata ƙararrawa tana ƙara, irin wadda tsofaffi ke dannawa in suna neman mai aiki.

"Na saba da nan," ta ce a hankali. "Anti ma ta saba da ni. In sun kore mu, tare za mu san abin yi. Ana kirana, Yaya. Amma ki zo ki gan mu mana, yanzu ai kina da takardu. Anti ta ce duk ranar da kika tashi za ta gyara miki ɗakin baƙi."

Na ce to, Allah ya kai mu.