Rigar da Ta Hana a Wanke

Shekarar da matata ta rasu, 'yarmu ba ta cika biyar ba. Ina koyarwa a wata sakandare, muna zaune a ciki da falo a unguwar Wulari, dangina kuwa duk suna can Zariya. Surukata da ke unguwar Gomari ta ce a ba ta yarinyar. Na roƙa a bar mini ita zuwa ƙarshen zangon karatu, in an ga ban iya ba sai a ɗauke ta. Ba wai na tabbata zan iya ba ne. Ina dai tsoron ɗakin nan in babu motsinta.

Abin da ya fi tayar mini da hankali wata 'yar rigar atamfa ce shuɗiya. Da ita take kwana, da ita take wuni. In na kai hannu zan jefa ta cikin wanki, sai ta ƙanƙame ta tana ihu har maƙwabta su leƙo. Na yi lallashi, na sayo sabuwa, na koma ga littattafan tarbiyya da na karanta a jami'a. Wani ya ce taurin kai ne, wani ya ce a ƙyale yaro, ni kuwa na kasa zaɓa. Wuyan rigar ya yi baƙi, kuma na san ran Juma'a in mun je gidan surukata za ta gani.

Ta kuwa gani tun daga bakin ƙofa.

"Ƙawata, wannan riga ce ko tsumman goge tukunya? Sabulu ya gagari babanki?"

"Kaka, ke ma zanenki ya tsufa."

"Ja'ira! Malam, bar mini ita in wanke."

Yarinyar ta ruga uwar ɗaki, na bi ta. A can an kife kabbasa, kwandon nan da ake turara tufafi, a kan kaskon turaren wuta. Na same ta tsugune, ta baza bakin rigarta a kan hayaƙin, ta cusa fuskarta ciki.

Sai a lokacin na tuna. Uwarta ba ta taɓa ninke wanki ba ta turara shi ba, kuma tun rasuwarta kaskonmu yana ƙarƙashin gado. Wataƙila wannan rigar ce ta ƙarshe da ta turara. Ban sani ba, ban kuma tambaya ba. Abin da na sani shi ne ƙamshin da yarinyar ke riƙo yana gidan nan, ba ya gidana, kuma hakan bai yi mini daɗi ba.

Na fito na durƙusa. "Hajiya, ko za a sam mini turaren nan?"

Ta tashi ta cika wata 'yar kwalba. Haɗinta ne, a hannunta matata ta koya.

Washegari na hura gawayi na zuba, hayaƙi ya turnuƙe falon, muka yi ta tari.

"Baba, ya yi yawa! Mama kaɗan take sawa."

Ita ta nuna mini. Da kanta ta tuɓe rigar ta sa a bokiti, ta zauna gadinta a gindin igiya har ta bushe, muka ɗora a kabbasar uwarta.

Zango ya ƙare, surukata ba ta tayar da maganar ba. Kwalba dai take aikowa in ta ƙiyasta tamu ta kusa ƙarewa. Yarinyar ta koma wasa a waje da sa'o'inta. Ni ne nake zama ni kaɗai ina juya tufafin a kan kabbasa, ɗakin yana ƙamshin wadda ba za ta shigo ba.